Ummaru Direba, Wanda Ya Kauce wa Shanuna

Ina kasuwar shanu ina duba wani bijimi aka zo aka ce mini Ummaru Direba na Ƙofar Dundaye ya rasu bayan gajeriyar jinya. Na saki igiyar, na zauna a ƙasa ina salati.

Mun haɗu ne a shekarun da Nasara suka fara kawo motoci Sakkwato. Wata damina na koro garkena, abin da na mallaka ke nan a duniya, muka hau siririyar hanyar da aka tayar cikin fadamar Rima. Ruwa ya cika dama da hagu. Muna tsakiya sai ga motar fatu ta tunkaro mu. Shanuna ba su taɓa ganin mota ba, suka shiga tunkuɗar juna, maruƙa na gab da faɗawa ruwa. Direbobin lokacin kuwa, Allah Ya shirye su, ji suke hanya gadon ubansu ce. Da direban motar ya danna hon sau ɗaya, da na kwana matsiyaci.

Sai direban, wato Ummaru, ya leƙo ya ce, "Mai shanu, tsaya wurinka! Garke ba shi iya komawa baya, mota na iyawa."

Ya buɗe ƙofa, hannu ɗaya a kan sitiyari, rabin jikinsa a waje, ya dinga tafiya da baya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. In tayar baya ta taɓa gefe, ƙasa ta zube cikin ruwa, sai ya tsaya, ya matso gaba, ya gyara. Haka har ya kai tudu. Ko maraƙi ban rasa ba.

Daga ranar muka zama aminai. Yana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Taɓa masa mota da hannu mai maiƙo ka ji. Amma bai taɓa wuce gawa ko tsoho da gudu ba. In na yaba gwanintarsa yakan ce, "Mi na abin mamaki? Inda kaka son gindin mota ya tahi, can kaka murza sitiyari, kaɗan-kaɗan."

Na taɓa kai masa karsana, ya koro mini ita har gida yana faɗa. Yanzu ya bar mata da ƙananan yara, kuma ba ya nan balle ya hana. Jiya na ɗaure musu saniya mai tatsa a tsakar gida, na fito ina hawaye.

Allah Ya jiƙan Ummaru, Ya tausaya masa yadda ya tausaya wa dabbobi. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya marayunsa. Amin.