Tamaular da Ta Tsaya a Bakin Raga

Ranar Asabar da ta wuce 'yata Hauwa ta miƙo mini wayarta, wai in ga wani tsohon hoto. Samari ne 'yan Koriya sun jeru, hannu a ƙirji, ƙwallo a gabansu. Ta ce ƙungiyar ƙwallo ce ta zamanin da Japan ke mulkin ƙasarsu, mutanen gari na ji da ita kamar me, amma yau babu ita, sai hoton. Na daɗe ina kallonsu, sai kawai na tuntsire da dariya. Hauwa ta ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau, Kakata na tuna. Mu ma nan Jalingo muna da tamu ƙungiyar da ta mutu, mu ko hoton ba mu samu ba.

A unguwar Mayo Gwoi na tashi, a gidan Kaka. Lokacin girbi, da an idar da magariba, sai ta zauna bakin murhu tana gasa mana masara, mu jikoki mu kewaye ta. Tana da gizo da ƙoƙi kamar kowace tsohuwa, amma mu wanda muke roƙo shi ne labarin 'Yan Rairayi. Ni na fi kowa naci. Sunan mijinta Bakari aka sa mini, ita kuwa Bafulatana ce, ko da wasa ba ta kama sunan miji, don haka Maigida take kirana.

"Maigida, kai ba ka gajiya da labarin ragwaye?" Haka za ta ce, tana juya masara da yatsu kamar wutar ba ta da zafi. Sannan ta gyara zama. "To, ga ta nan, yau da ƙafa ta zo." Mu kuma mu amsa da ƙarfi, "Ta zo mu tare ta!"

A zamanin Turawa, in ji ta, samarin unguwa suka ga akawuna da masinjojin ofis suna buga tamaula, su ma suka kafa tasu ƙungiyar. Manoma ne da masu kiwo, babu mai takalmi ko ɗaya. A kan rairayin rafi suka koyi wasan, shi ya sa aka sa musu 'Yan Rairayi. Kaka da ƙawayenta, lokacin suna 'yan mata, su suka rina musu riguna da baba. Rinin bai kama ba, in ruwan sama ya taɓa su sai a tashi wasa kowa shuɗi har wuya, uwarsa ma sai ta duba da kyau kafin ta gane shi. Wanda ya fi kowa gudu a cikinsu shi ne Kakanmu, amma a bakinta sunansa "Dogon nan".

Fili mai kyau ɗaya ne a garin, ƙungiyoyin biyu kullum suna faɗa a kansa. Da Baturen ofis ya gaji, sai ya yanke: a buga wasa guda. In 'Yan Rairayi suka ci, fili nasu ne. In aka cinye su, ko aka tashi babu ci, sun rabu da shi ke nan.

Ga inda gizo ke saƙar: mai tsaron ragar 'yan ofis Yaya Hammadu ne, babban wan Kaka. Mahaifinsu ya rasu, shi ne mai ba da aurenta. Dogon nan kuwa ya riga ya aika manyansa neman auren, ana jiran amsa. A wurinmu saurayi ba ya haɗa ido da surukinsa, ba ya cin abinci a gabansa, in ya hango shi a hanya sai ya ratse. To, ina ga ya ɗura masa tamaula a raga gaban duk mutanen gari?

"Ranar har daga garin Iware mutane suka zo a ƙafa," in ji Kaka. "Ni ina kan reshen mangwaro, na ɗaure zane tamau. An buga, an buga, babu ci. Rana ta yi ja, mai usur ya fara duba agogo. Sai ga tamaula a ƙafar Dogon nan. Ya wuce wannan, ya wuce wancan, wani ɗan ofis mai ƙaton takalmi ya zame ya faɗi tim! Saura shi da Yaya, babu kowa a tsakani."

A nan take tsayawa da gangan, ta fasa masara ta raba mana. Mu kuwa kamar mu yi kuka. "Kaka, sai me?"

"Sai me? Sai ya taka tamaula, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai, ya ce, 'Yaya, ina wuni?'"

Duk da mun ji sau ba adadi, sai mun faɗi ƙasa don dariya. Abin bai tsaya nan ba. Ashe shi ma Yaya Hammadu yana son yaron, kuma ba ya so a ce shi ya kashe wa 'yan unguwarsu ƙungiya, don haka tun da ya hango shi ya ɗan matsa gefe ya bar masa raga a buɗe. To amma an gaishe shi, dole ya amsa. "Lafiya lau. Ina gajiya?" "Ba gajiya." "Yaya shanu?" "Lafiya lau." "Yaya su Inna?" Tamaula tana zaune a tsakaninsu, taku ɗaya ya rage ta shiga, jama'a na ihu kamar su tsaga gari. Ba su kai ga tambayar lafiyar maƙwabta ba mai usur ya busa.

Fili ya tafi. 'Yan Rairayi suka koma rafi, damina ta zo ruwa ya cinye rairayin, wasu suka tafi garin Mutum Biyu noma, ƙungiya ta watse. Bayan sallah aka ɗaura aure. Kaka sai ta kakkaɓe hannu ta ce, "Tamaula ta fita waje, kowa ya nemi tabarmarsa."

Ina yaro na ɗauka darasin shi ne a girmama manya ko da za a yi asara. Da na zama saurayi na koma ganin wauta ce tsagwaronta. Wata rana da na zo hutu daga makaranta, ta tsufa sosai, na tambaye ta, "Kaka, da ya buga fa, da kin aure shi?"

Ta harare ni. "Kai Maigida! Wa kake tsammani ke kan mangwaro yana ihu 'Buga mana, Dogo'? Muryata ta dushe har kwana nawa. Da ya buga, ko Yaya ya ƙi, da ƙafata zan bi shi. Rago kawai, ya sa rinina ya tafi a banza." Ta yi dariya har da tari, sannan ta goge ido da bakin mayafi, ta ce hayaƙi ne. Murhun kuwa ko wuta babu a ranar.

Sai bayan rasuwarta na gane abin da muke sauraro duk shekarun nan. Kakanmu ya rasu tun ba a haife ni ba. Kunyar da ta durƙusar da shi a bakin raga ita ce ta hana ta kiran sunansa, ta hana ta cewa tana kewarsa. Amma in ta ce labarin ragwaye za ta ba jikoki, babu mai ganin laifinta, sai ta yi maraice guda cur tana zancensa, tana kallonsa yana gudu cikin shuɗiyar riga. Wallahi ina kewarta, kuma ni ba na jin kunyar faɗa.

Hauwa ta karɓi wayarta ta ce, "To Baba, ƙungiyar taku me ta taɓa ci?"

Na ce, "Ko ɗaya ba ta ci ba. Jeki ki kira ƙannenki, ki ce wa Mamanku ta sa mana masara a wuta."