Miyar Inna Hajo, wadda ludayi bai taɓa shiga ba

Da damanar bana kakata, Inna Hajo, ta cika shekara tara da rasuwa. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta. Ba ta bar gona ba, ba ta bar garke ba. Abin da ta bari wata miya ce, kuma saura ƙiris mu binne miyar tare da ita.

Zamanin da gwamnati ke ɗauko ma'aikatan jinya daga ƙasar Filifin, kakana Malam Bawa yana ɗinki a Isa, gidansu kuma katanga ɗaya da na wata baƙuwa daga cikinsu da ake kira Sista Nena. Wata rana baƙuwar ta hango garahuni ya naɗe dannin gidan Inna, ta roƙi a tsinko mata 'ya'yansa. Inna ta ɗauka ba ta da lafiya, domin mu magani muka san garahuni da shi. Ashe miya za ta yi. A ƙasarsu da naman alade ake yin ta, amma saboda maƙwabciyarta sai ta sayi sabuwar tukunya, ta sa busasshen kifi da daddawa. Daga nan Inna ta koya: tumatir da albasa da citta a ƙasa, sai kabewa, sai ɗanyen wake da kwansonsa, sai yalo, sai kuɓewa, garahuni a sama. Baƙuwa ta koma ƙasarsu, miya ta bi su Inna zuwa Unguwar Lalle, ta zama miyar gida.

Na kan tambayi kaina abin da Inna za ta ce da ta ga yau. Rashin tsaro ya taso mu daga Unguwar Lalle zuwa cikin Sabon Birni, ɗan lambunta na bayan gida ya koma daji. Malam Bawa ya rasa ganinsa, ciwon suga ya kama shi, likita ya ce ya rage tuwo ya yawaita ganye. Shi kuwa sai ya rage komai. Bara da na dawo daga jami'a na tarar rigunan da ya ɗinka wa kansa suna reto a jikinsa. Duk abin da aka kawo sai ya ture, ya ce miyar Hajo yake so. Muka gane cewa in ba a samo miyar nan ba, tsohon ba zai ga wata damana ba.

An ce hannu da yawa maganin ƙazamar miya, amma a kan wannan miyar hannuwanmu ne suka ɓata ta. Gwaggo Rabi, babbar 'yarsa, ta tuna duk kayan haɗin, ba ta manta ko ɗaya ba. Sai dai hannun Bahaushiya da ya ga kuɓewa yanka ta yake yi ƙanana, ya jefa kanwa, ya ɗauko maburgi. Muka burge ta har ta yi yauƙi, kabewa ta narke, garahuni ya farfashe ya baza ɗacinsa ko'ina. Malam Bawa ya ɗanɗana, ya ture kwano. Ni da yake kira amaryarsa, irin wasan kaka da jika, ya ce mini in haka nake girki to ya fasa auren. Na sake gwadawa ni kaɗai, na bar kanwa da maburgi, na juya da ludayi a hankali. Nan ma ya ture.

Rannan yana zaune a inuwa kusa da murhu, ina sake ɗora tukunya, sai ya karkato kunne ya ce, "Ke amarya, mi kike ƙwanƙwasa haka? Ni hwa ban taɓa jin ludayi cikin tukunyar Hajo ba. Girgiza ta takan yi, in ji ta daga zaure, in san abinci ya kusa."

Gwaggo Rabi ta dafe baki. Ta sha ganin Inna tana ɗaga tukunyar, amma ta ɗauka duba wuta take yi. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Ranar nan masu ido ne suka koya daga mai kunne. Muka sake jera kayan, kuɓewa ɗungum, ruwa kaɗan, muka rufe. Da ta ɗauki tafasa na sa tsumma na kama tukunya da murfinta, na ɗaga, na girgiza har na ƙasa ya hau sama. Da aka buɗe, kowane abu yana nan da kamanninsa, ya yi laushi ya ɗan yamushe, ɗacin garahuni kuwa ya tsaya iyakar inda yake daɗi. Malam Bawa ya cinye kwanon, ya miƙo shi a ƙara masa, ya ce aure yana nan.

Yau ya yi kumari, da sandarsa yake zuwa masallaci. Daga baya na bincika a waya, na ga sunan miyar a can pinakbet, har tsofaffinsu ma girgiza tukunyar suke yi. Da Inna na raye, na san dariya za ta yi, ta ce ita ba ta nemi shaidar waya ba. Maƙwabtanmu, waɗanda yawancinsu su ma tasowa suka yi daga ƙauyukansu, sun karɓi iri sun shuka garahuni a jikin danni, suna kiranta miyar girgiza.

Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wata baƙuwa ta sayi sabuwar tukunya don girmama addinin maƙwabciyarta, ga shi bayan shekaru ta riƙe ran wani tsoho a Gobir. Lambun Inna ya tafi, gidan ma mun bar shi. Amma da hantsi, in na ɗaga tukunya na girgiza, na kan ji muryar Malam Bawa daga zaure yana cewa a shimfiɗa tabarma.