Abin da Malam Siman Ya Rubuta a Bayan Kati

Shekara talatin da ɗaya Malam Siman Dogara na Angwan Iya ya yi yana buga katunan littattafai a laburare, tun wurin yana kwaleji har ya zama jami'a. A makarantar mishan ya koyi tafireta, zamanin da malami ke duba farcen ɗalibi kafin ya duba rubutunsa, kuma har gobe ba ya fita babu fensir a aljihun gaba. Duk littafin da ya shigo, shi ke buga masa kati: marubuci, suna, lambar kantar da za a jera shi. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ba wanda ya sa shi. A bayan kowane kati yakan rubuta da fensir wanda ya kawo littafin, da inda aka mayar da shi in rufi ya yi yoyo ko gara ta kawo hari.

Shekara shida da ritayarsa, wata Lahadi bayan sujada, Mama Judit ta tare shi a ƙofar coci. Matar marigayi Malam Zakka ce, abokin karatunsa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana bin ƙauyuka yana rubuta waƙoƙi da tatsuniyoyin Gwandara, har littafi goma sha bakwai na rubutun hannu. Siman ne da bakinsa ya lallashe ta ta ba laburaren su. Yanzu ɗanta Nelson ya duba sabon jerin littattafan da aka ɗora a intanet, daga Abuja, bai ga ko ɗaya ba.

"Baban Vera, kai ka ce min a can ba za su ɓata ba," in ji ta. "Da na sani da na bar su a ƙarƙashin gado."

Ranar Litinin ya ɗaura nakatayi a wuya ya tafi laburaren. Sabuwar shugabar sashen da ya bari, Malama Halima Sadiya, ta karɓe shi da ladabi, ta juyo masa kwamfuta tana nuna masa abubuwan alfahari: mutum zai nemi littafi daga gida, zai ga hoton bango, na'urar ma za ta ba shi shawarar wasu makamantansa. Ya ce shi ba makamanta yake nema ba. Da aka bincika, ashe waɗanda suka kwafe katunan sun tsallake duk littafin da aka rubuta da hannu, don ba shi da lambar kanta, kuma ba wanda ya juya kati ya ga bayansa.

Shi kansa ya manta inda aka mayar da su. To, a ba shi katin mana. Nan ne gizo ke saƙar. An ɗauke akwatin katunan, mai durowa sittin, an kai zauren baje kolin tarihin laburare, an kulle, an zagaye shi da jan igiya, an rataya allo cewa kada a taɓa. Makulli yana hannun shugaban kwamitin baje kolin, shi kuma yana taro a Lafiya. Aka ce ya rubuto takarda. Ya rubuto, da kyakkyawan rubutunsa na mishan. Aka ce a imel ake so. Mutumin da yatsunsa suka goge fentin durowar nan, shi ne maigadi ke cewa, "Baba, a ɗan ja baya."

A zuwa na huɗu Malama Halima ta kawo shawara tana sunkuyar da kai: ko zai zauna kusa da akwatin ranar buɗe baje kolin, ya nuna wa baƙi yadda ake yi a da? Wato shi ma ya zama kayan kallo, tare da tsohuwar tafireta da fitilar aci-balbal. Ya ji kamar ya tashi ya bar wurin. Ya tuna fuskar Mama Judit, ya ce to.

Ranar kuwa, shugaban kwamiti ya buɗe makulli, ya ce Baba ya ja kowace durowa a yi misali. Siman ya ja ta ƙarshe, yatsunsa suka yi tafiyar da suka saba, ya zaro katin littattafan Malam Zakka, ya juya, ya karanta da ƙarfi: koren akwatin ƙarfe, ɗakin janareta, saboda gara, Yulin 2009. Bai jira ƙarshen jawabin shugaban ba ya kama hanyar ɗakin janareta, rabin baƙin suka bi shi. Ga koren akwatin nan a lungu, masu gadi sun mai da shi kujera shekara da shekaru.

Malama Halima ta tambaye shi a hankali katuna nawa ne ke da rubutu a baya.

"Duka, 'yata."

Sai ta roƙe shi ya dawo Litinin a fara juya su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce ya ɗauki littafi guda ya kai wa Mama ta gani. Ya ƙi. Abin da aka rubuta da hannu ba ya fita daga laburare, shi ya kafa dokar. Keke Napep ya ɗauko, ya je ya kawo ta.

Ta ƙirga littattafan sau biyu, ta shafa rubutun mijinta, ta kai guda hanci.

"Goma sha bakwai ne, Baban Vera. Amma warin man janareta suke yi."