Taku Goma Sha Tara Daga Tsamiya

Shekara arba'in da ɗoriya Baba Mai Diga yana haƙa kabari a makabartar bakin titi, bai taɓa rubuta sunan kowa ba. Ai bai ma iya rubutun ba. Littafinsa wata tsohuwar tsamiya ce da ke tsakiyar makabartar. Yakan jingina bayansa da ita, daidai wani tabon gatari, ya ƙirga takunsa a zuci. Ka zo masa da sunan kakanka, sai ya kai ka har kan kabarin, ko da ruwan sama ya shafe tudun tuntuni. Mutane sun ɗauka baiwa ce. Shi kuwa, da yake yana son yabo kamar kowa, bai taɓa gaya musu sirrin ba. Har tsokanarsa ake yi wai ya fi gaida matattu a kan rayayyu, ya ce ai su ba sa gulma.

Matarsa ma can take kwance, taku goma sha tara yamma da tsamiya. Da hannunsa ya haƙa.

A rediyon mai facin taya ya ji labarin. Gwamnati ta ciyo bashi mai nauyi daga wani bankin ƙetare, za a faɗaɗa babban titin. Direbobi suna ta murna, shi kuwa bai yi murna ba, don ya san titi ba a iska yake faɗaɗa ba, ƙasa yake ci.

Ba a rufa wata ba masu awo suka kafa turaku masu jan fenti. Layin ya ratsa makabartar, ya haɗa da tsamiya da duk yammacinta. Injiniyan aikin, mutum mai ladabi, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Baba, ba za mu taka kowa ba. Za a mayar da su sabon wuri, kowane gida su tsaya a kan nasu. An ce kai ka san kowa."

"Na sani, ɗana. Amma ku bar mini tsamiyar nan sai an gama."

"Ba komai, Baba."

Injiniya ya ɗauka inuwa tsoho yake so. Tsoho kuma ya buɗe baki zai yi bayani, girman kai ya rufe masa shi.

Tun daga ranar abinci ya daina shiga. Kullum yana tsaye jikin tsamiya yana maimaita takun mutane, yana kallon katafiloli suna matsowa. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, irin wanda bai taɓa ji a cikin rami ba. An ce masu bashin sun yanka wa'adi, don haka ba mai jiran kowa.

Wata Talata 'yarsa ta tilasta masa zuwa asibiti a duba idonsa da ya fara yana. Da suka dawo da la'asar, sai ya ga sararin sama a inda ba a saba ganinsa ba. Direban katafila ya tumɓuke tsamiyar da saiwoyinta don ya samu hanyar juyawa. Abin da ya rage rami ne, faɗinsa ya kai ɗaki.

Ranar kwashe gawarwakin jama'a suka cika makabartar, kowa riƙe da farin yadi, kowa idonsa a kan Baba. 'Yarsa ta riƙo hannunsa.

"Baba, mu fara da Inna, sai ka samu natsuwar nuna wa mutane nasu."

Ya tsaya a bakin ramin da tsamiyar ta bari. Ya ƙirga goma sha tara, ya tsaya. Ya koma ya fara daga tsakiyar ramin, ya tsaya a wani wurin daban. Tsakanin wuraren biyu taku huɗu ne, kuma ya san mutum uku ne kwance a wannan tsakanin. Ƙasar shafe take, ba tudu ba alama.

"Baba, wanne ne?"

Ya dubi nan, ya dubi can. Can bayan turaku, direban katafila ya tada inji yana ɗumama shi.

"'Yar nan," ya ce, "ban san inda uwarki take ba."