Zanen Rumbun Kaka

A shekarun da soja ke mulki, har sabulu sai an bi layi, malamar ɗinki ta firamaren ƙauyenmu, kusa da Malikanchi, ta ce kowace ta yanko ƙyallen buhun fulawa ta yi masa ado. Sauran 'yan mata suka yi fure. Ni na ɗinka zanen da ke jikin rumbun Kaka.

Layi ɗaya ne, yana shiga yana fita, yana bi ta ƙarƙashin kansa, ba a ganin mafarinsa balle ƙarshensa. Kaka ta zana shi da yatsa tun laka tana ɗanya, kafin gidanmu ya bar maguzanci ya shiga coci. Ta ce mugun ido in ya hau layin, yawo zai yi ta yi, ba zai gane hanyar dawar da ke cikin rumbun ba. Ni dai in baƙi suka cika gida, can nake laɓewa, ina bin layin da yatsa har kunya ta sake ni.

Malama ta ɗaga ƙyallen da yatsu biyu.

"Ke, wa ya koya miki wannan?"

Na sunkuyar da kai.

"Tsafi ne, Malama!" in ji wadda muke benci ɗaya, ta ja jakarta gefe.

Malama ta kulle shi a durowa. Ta ce ranar Lahadi za ta nuna wa Fada, limamin cocinmu, in ya ce a ƙona, a ƙona. Duk makon nan ina lura da makullin da ke ɗaure a bakin zanenta. A gida Baba ya tsaya gaban rumbu ya daɗe yana duban zanen.

Fada tsohon Bature ne mai Hausa a baki. Da aka tashi daga coci, a gindin dalbejiya, ya juya ƙyallen ya dubi bayansa. Sai ya jawo ɗan gicciyen da ke wuyansa. Zane irin namu ne a jiki, ya ɗan fi tsayi.

"Kakannina ma sun sassaƙa shi a duwatsu tun ba su san coci ba," ya ce. "'Yata, kin ja zaren da ƙarfi a nan."

Ya miƙa mini ƙyallen. Malama ta dubi gicciyen, ta dube shi, a hankali ta ce wa matar katikis, mai koyar da addini a cocinmu, "Ashe su ma Maguzawa ne."

Da gudu na kai wa Kaka labari, ina zaton za ta yi murna. Ta ajiye maburgi.

"A ƙasarsu? Wa ya kai musu?"

"Ya ce na kakanninsu ne, Kaka."

"Haka zai ce."

Ta karɓe ƙyallen ta cusa ƙasan kwallarta, wai kada a sake kai shi inda ido yake. Ban ƙara ganinsa ba, amma dai ba a ƙona shi ba. Washegari ta jingina tsohon asabari a jikin rumbu, daidai kan zanen. Daga ranar sai na zura hannu ta baya nake laluben layin.