Sunanta Hafsa

Yau a jirgin ƙasa na unguwar Al Rigga a Dubai, wata mata ta janye ɗanta daga kusa da jikata mai larurar Down. Na kau da kai, sai Yayana marigayi ya faɗo mini a rai. Shi in aka zura mata ido, cewa yake, "Sunanta Hafsa, ku gaisa mana."

Wata rana a asibiti aka shanya mu a benci, ana ta shigar da masu farar fata da suka zo bayanmu. Ya miƙe, na riƙo rigarsa mai ƙamshin turaren wuta.

"Yaya, zauna, ba ƙasarmu ba ce."

"Amma jikarmu ce," in ji shi.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba Hafsa mai tsaya mata, tunda ni har yau na kasa.