Yusha'u, mai ɗaukar ƙafafun mutanen iyaka

Kullum da hantsi Yusha'u mai hoto yakan nufi bakin shingen iyakar Jibiya, inda manyan motoci ke layin shiga Maraɗi. Ba ya ɗaga kyamararsa sama kamar sauran masu hoto. A ƙasa yake ajiye ta, ya tokare ta da dutse, ya koma gefe ya zauna. Ƙafafu kawai take ɗauka, na 'yan dako, na masu tallar fura, har na jakuna. Shekara goma sha bakwai yana haka.

Asalin abin, masu tsallakawa da jarkokin mai ba sa son a ga fuskarsu, shi kuma ba ya son ya ja wa kowa. A haka ya lura cewa tafiyar kowa daban take.

Finafinansa minti uku ne ko huɗu, ba waƙa, ba magana. Wani ma da baya mutane ke tafiya a ciki. Ranar da ya haska ɗaya a gidan kallo, samari suka ce a mayar masu da ƙwallonsu. 'Yan acaɓa kuwa in ya gitta sai su miƙo ƙafa, "Darakta, ga tawa, yau na wanke ta." Murmushi kawai yake yi.

Bara wata mata daga Mazanya, Hajo, ta same shi a shagonsa. 'Yan bindiga sun kashe mijinta Lado, ɗan dako, kuma bai bar hoto ko ɗaya ba. An ce mata wai akwai mai ajiye ƙafafu. Kwana biyu Yusha'u ya rufe shago yana kunna mata. Manu direba yana wurin, shi ya ba mu labari, ya ce can wata ƙafa ta wuce tana ɗan jan hagu, silifa ɗaure da waya.

"Tsaya nan, Malam," in ji Hajo. "Ni na ɗaure mashi wannan wayar."

Sau tara ya maimaita mata. 

Yusha'u, kai ne ka riƙe mana mutanen da ba wanda ya damu ya riƙe. Mun yi maka dariya, ba ka fasa ba.

To yanzu ya daina fita. Idanunsa sun fara rufewa, asibiti sun ce ba gyara. Finafinan suna cikin 'yan katunan ajiya na kyamara a gwangwanin madara, ba rubutu a kan ko ɗaya, don shi kaɗai ya san ƙafar wane ce wannan. Tun watan azumi yake cigiyar wanda zai zauna da shi, yana faɗin sunaye ana rubutawa. Kowa ya ce zai zo. Makon jiya ya kunna wani kati, ya daɗe da fuska a jikin allo, sannan ya ce wannan ƙafar dai ta ɓace masa.

Mun gode, Yusha'u, Allah ya saka maka da alheri. Masu ilimin Jibiya, shagon yana bayan tasha, a buɗe yake. Ku je da biro da takarda tun yana ɗan gani. Waɗanda ke cikin gwangwanin nan, da yawansu ba su da wani wurin da suka rage.